MANU GARBA: MAI RENON 'YA'YAN WASU

 Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta taɓe baki ta ce, "To mu kuma ina ruwan biri da gada, yau kuma ƙwallo aka koma?" Ki yi haƙuri 'yar uwa ki bi ni a sannu. Da wuya ki sami gidan da babu wani ƙane ko wa da ƙwallo ta ɗauke wa hankali, ko abinci ba ya tsayawa ya ci da la'asar sai ya dawo daga fili. Kai, hatta samarin da ke zuwa zance, wani rabin hirarsa ta ƙwallo ce. Tunda abin ya shigo mana har cikin ɗaki, ai ya kamata mu san mutanen da muke damƙa wa yaran nan a hannu.

Wadda ta san Jibiya ta fi kowa gane abin da nake nufi. Gari ne na bakin iyaka a Jihar Katsina, daga shi sai Magama inda shingen kwastan yake, kina tsallakawa kin shiga Nijar, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 a irin wannan gari abubuwa biyu ne suke kiransa bayan an tashi daga makaranta. Ga boda, inda yake ganin sa'o'insa suna fito da buhun shinkafa ko jarkar fetur a kan babur suna dawowa da 'yan canji a aljihu. Ga kuma fili, inda wani bawan Allah yake tsaye cikin rana da usur a wuya yana jiransa. Wannan mai usur ɗin, ko malamin wasanni ne na sakandare ko kocin unguwa, shi nake so mu yi magana a kansa yau. Kuma don mu gane nauyin aikinsa, bari mu ɗauki tarihin wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a ta horar da yara a nan Arewa, wato Koci Manu Garba.

WANE NE SHI?

Manu Garba mutumin Gombe ne, an haife shi a shekarar 1965. Shi ma ƙwallon ya buga a ƙuruciyarsa kafin ya ajiye takalmi ya koma koyarwa, har ya horar da ƙungiyar garinsu, Gombe United. Amma inda Allah ya ajiye abincinsa shi ne wajen yara 'yan ƙasa da shekara 17, wato ƙungiyar ƙasa da ake kira Golden Eaglets. Ki lura da shekarun nan da kyau, shekarun 'yan aji huɗu zuwa aji shida ne na sakandare. Ke nan duk da sunan kocin ƙasa da yake ɗauke da shi, aikinsa bai da maraba da na malamin makarantar kwana. Shi ne mai tashinsu da asuba, shi ne mai lura da cinsu da barcinsu, in an yi faɗa shi ne alƙali, in kewar gida ta kama yaro shi ne mai rarrashi.

Wannan ƙungiya tana da tarihi tun kafin zuwansa. Ita ce ta fara cin kofin duniya na yara a ƙasar Sin a 1985, lokacin da ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙarƙashin Koci Sebastian Brodrick, zamanin mutumin Daura, Janar Muhammadu Buhari, yana shugaban ƙasa na soja. Ta sake ɗaukowa a Japan a 1993. Daga nan kofin ya yi mana yaji har shekara 14.

A 2007 ne sunan Manu Garba ya fara fitowa sosai, yana mataimaki ga Koci Yemi Tella, wanda shi kansa malami ne a Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Suka tafi Koriya ta Kudu, suka kai wasan ƙarshe da Sifen, aka tashi babu ci, a bugun fenariti yaranmu suka ci 3 da nema. Abin tausayi, ashe duk wannan fafutuka da ake yi Tella yana fama da ciwon daji na huhu. An ci kofi a watan Satumba, a watan Oktoba na wannan shekarar ya rasu. Wanda ya zauna kusa da irin wannan mutum, ya ga yadda yake jan jiki zuwa fili don 'ya'yan da ba shi ya haifa ba, ai ya yi karatun da ba a samu a aji.

SHEKARAR FARIN CIKI

Da aka damƙa wa Manu Garba ƙungiyar a matsayin babban koci, sai aka haɗa shi da mataimaka irin su Emmanuel Amunike da Nduka Ugbade, wanda shi ne kyaftin ɗin yaran 1985. Suka kafa sansani a Kalaba, yara masu ɗimbin yawa suka yi ta zuwa gwaji daga makarantu da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, ana tacewa ana sallama har aka fitar da na fitarwa. Wata da watanni suna tare, ɗan Kano da ɗan Imo da ɗan Kwara a ɗaki guda, kwano guda.

A watan Afrilu na 2013 suka je gasar Afirka a Maroko, suka kai ƙarshe, Kodebuwa ta fi su sa'a a bugun fenariti. Wani kocin da sai ya huce a kan yara. Shi kuwa komawa sansani ya yi da su aka ci gaba da gyara, domin zuwa na biyun ya ba su tikitin gasar duniya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

To a can ne fa aka ga abin mamaki. Wasan farko suka lallasa Meziko, mai riƙe da kofin a lokacin, da ci 6 da 1, Kelechi Iheanacho shi kaɗai ya zura huɗu. Suka yi 3 da 3 da Suwidin, suka ba Iraƙi 5 da nema, Iran 4 da 1, Yurugwai 2 da nema. A wasan kusa da na ƙarshe suka sake gamuwa da Suwidin suka ba ta 3 da nema. Ranar 8 ga Nuwamba 2013 a birnin Abu Dabi, Mezikon dai ta dawo neman fansa, ta sake shan 3 da nema. Ƙwallo ta ukun kyaftin ɗin yaran ne ya ci ta, Musa Muhammed ɗan Kano, da bugun tazara. Ƙwallo 26 suka zura a wasa bakwai. Iheanacho ya zama gwarzon gasa, Dele Alampasu ya zama gwarzon gola, aka kuma ba ƙungiyar kyautar wasa cikin ladabi. Wannan ta ƙarshen ita ta fi burge ni, domin ci da yawa baiwa ce, amma ladabi sai an koyar. Da wannan nasara Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki kofin sau huɗu.

Bayan nan aka ɗaga shi zuwa ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 20, ya tafi da yawancin yaransa. A watan Maris na 2015 suka ci kofin Afirka a Sanagal, suka doke masu masaukin baƙi da ci 1 da nema a wasan ƙarshe. A gasar duniya ta Niyu Zilan kuwa Jamus ta fitar da su a zagaye na biyu. A wannan shekarar ce kuma mataimakinsa na da, Amunike, ya kai sababbin ƙanana ƙasar Chili suka ɗauko kofi na biyar, inda Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10.

RANAR DA MAƘWABTA SUKA BA MU KUNYA

Hausawa suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 2016 aka mayar da Manu Garba wajen 'yan ƙasa da 17, aka haɗa mu da Nijar a wasan neman shiga gasar Afirka. A wurin mutumin Legas wannan wasa ne kawai da wata ƙaramar ƙasa. A Jibiya kuwa wasan cikin gida ne, domin gida nawa ne uwa 'yar Maraɗi uba ɗan Katsina? Wa ke da kawu a Magama da ba shi da gwaggo a Ɗan Isa? Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, duk wanda ya ci sai an yi wa wani tsiya a tsakar gida.

Ana saura 'yan kwanaki a buga wasan farko a watan Agusta, aka kai yaran sansani gwajin shekaru a asibiti. Sakamako ya fito, yara 26 ba su tsallake ba. Ki yi tunani 'yar uwa, kamar uwar biki ce ta gama girkin walima, ana gab da zuwan baƙi a ce rabin tukwanen ba za su ciwu ba. Da ragowar yaran aka shiga fili. Muka ci 1 da nema a Abuja, aka je Yamai suka rama da ci 3 da 1. Shi ke nan, zakarun duniya suka zauna a gida, ko gasar Afirka ba su leƙa ba. Nijar kuwa ta wuce, har ta kai ga zuwa gasar duniya karo na farko a tarihinta a Indiya a 2017, ta doke Koriya ta Arewa da ci 1 da nema, ta tsallake rukuni kafin Gana ta tare ta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wane irin gwaji ne wannan? Na'ura ce ta asibiti mai suna MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki. Ana sa wuyan hannun yaro a ciki. A ƙarshen ƙashin hannu akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi, daga nan ƙashi yake ƙara tsawo, kuma yayin da mutum ya gama girma sai wurin ya haɗe ya zama ƙashi. Likitoci sun kasa haɗewar mataki shida. Wanda aka samu a mataki na shida, wato ya haɗe gaba ɗaya, sai a ce ya wuce 17, a cire shi. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta fara amfani da wannan gwaji a gasar 2009, wadda aka yi a nan Nijeriya, har Kano da Kaduna da Bauchi suka karɓi wasanni.

Gaskiya ne ba kowane yaro da na'ura ta kayar ne maƙaryaci ba, domin jiki ya bambanta, wani ƙashinsa kan haɗe da wuri. Wilfred Ndidi yana cikin yaran Manu Garba da gwajin ya hana bugawa a Maroko a 2013, amma hakan bai hana shi zama babban ɗan wasa ba, har shi da Iheanacho suka ci kofin FA na Ingila tare da ƙungiyar Leicester a 2021. Sai dai mu tambayi kanmu, me ya sa aka koma tambayar ƙashi maimakon takarda? Saboda takardunmu sun daina zama abin yarda. Tun a 1989 FIFA ta taɓa dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace gasar matasa ta 1991 da aka shirya za mu karɓi baƙuncinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma idan ya rufta, kocin da ke tsaye a bakin fili shi jama'a ke gani su zaga, alhali ba shi ya rubuta takardar ba.

KULLUM DAGA FARKO

Abin da ya bambanta kocin yara da kocin manya shi ne, na manya yana iya riƙe gwaninsa shekara biyar ko goma, na yara kuwa da zarar yaro ya goge ya fara daɗin kallo, shekaru sun fitar da shi. Sai a sake kawo masa wasu ɗanyu ya fara daga baƙi da wasali. A da duk bayan shekara biyu ake gasar duniyar, daga 2025 ma ta koma duk shekara. Iheanacho ya tafi Manchester City, Taiwo Awoniyi ya tafi Liverpool daga baya ya koma Nottingham Forest, suna ɗaukar kuɗin da malaminsu bai taɓa mafarkin riƙewa ba. Shi kuwa yana nan ya koma fili da usur ɗinsa. Duk wadda ta taɓa renon ɗan wani, ta yi masa wanki da goyo, ya girma ya koma gidan ubansa, ta san irin wannan hali.

Kuma bai yi zuciya ba. A 2018 ya koma Yamai ɗin da aka kunyata shi, da wasu sababbin yara, ya ci gasar shiyyar Afirka ta Yamma bayan sun doke Gana a bugun fenariti. A 2019 suka zo na huɗu a gasar Afirka a Tanzaniya, suka je gasar duniya a Birazil, Holan ta fitar da su da ci 3 da 1 a zagaye na biyu. An sake kiransa a 2024, yaransa suka zo na uku a gasar shiyya a Gana, hakan bai isa ya kai su gaba ba. Gasar duniya ta 2023 da ta 2025 duk ba da Nijeriya aka yi ba. Wannan ya nuna mana cewa komai ƙwarewar mai gini, sai da tubali mai kyau, kuma tubalin ba a sansanin ƙasa ake buga shi ba. A makaranta ake bugawa, da unguwa, da cikin gida.

A Amurka horar da 'yan sakandare da 'yan jami'a sana'a ce mai zaman kanta, mutum ya shekara talatin a makaranta ɗaya gari duk ya san shi, kuma yaron da makinsa ya faɗi a aji ba a barinsa ya sa rigar makaranta ya shiga fili. Mu ma a da muna da irin haka. Stephen Keshi da Henry Nwosu daga gasar makarantun sakandare ta Legas suka fito, a kwalejin St. Finbarr's. Amfanin gasar makaranta shi ne rajista tana nan, malamai sun san ranar da yaro ya shigo aji ɗaya, babu yadda ƙato mai gemu zai zo ya ce shi ɗan 15 ne.

MU DAWO JIBIYA

Yaran Jibiya sun ga rayuwa a 'yan shekarun nan. An rufe boda a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk lokacin da aka rufe, kasuwa takan mutu, 'yan dako da direbobi su zauna, masu bin ɓarauniyar hanya kuma su ƙaru, kuma yara ƙanana ake turawa gaba saboda su ne ba su san tsoro ba. Ga matsalar 'yan bindiga da ta raba ƙauyuka da dama da gidajensu. A irin wannan yanayi, mutumin da zai tara yara talatin ko arba'in daga la'asar zuwa magariba, ya hana su zagi, ya hana su shaye-shaye, ya ce wanda bai je makaranta yau ba ba zai taɓa ƙwallo ba, wallahi ba ƙaramin jihadi yake yi ba. Yawancinsu ba albashi suke ɗauka a kan haka ba, wani ma daga aljihunsa yake sayen ƙwallo da maganin targaɗe. Ba kowanne ne zai je Abu Dabi ba, ba kuma kowane yaro ne zai kai ko Katsina United ba, balle Ingila. Amma yaron da ya koyi zuwa a kan lokaci da bin umarni da haƙurin shan kaye, ya sami abin da zai yi masa amfani ko a shago ko a gidan aurensa.

To ina namu aikin a nan, mu mata? Na farko, takardar haihuwa. Idan an yi haihuwa a gidanku, ki tuna wa Inna ko Yaya a je a yi wa jariri rajista wurin jami'an Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa tun ana cikin jego, a adana takardar a ƙasan akwati tare da katin rigakafi. Mu mata mu ne muka san daren da aka haifi kowane yaro, mu ne shaidun farko. Idan wani dillali ya zo ya ce a rage wa ƙanenki shekara uku zai kai shi Turai, ki tuna da yaran nan 26 da aka sallama daga sansani suka koma gida da jakunkunansu.

Na biyu, ki san wanda ke horar da ƙanenki. Ki sa Baba ko Yaya ya je filin ya gan shi, ya ji halinsa a bakin mutanen unguwa. Koci na gari zai yi murna da zuwan iyaye. Wanda kuwa ke neman kuɗi a ɓoye, ko yake hure wa yaro kunne ya bar aji, ko yake son tsallaka boda da shi ba da sanin gida ba, a raba shi da yaron tun wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba kowane hannu ake ba tanƙwarar ba.

Na uku, kada a bar littafi saboda ƙwallo. A cikin yaran da suka ɗaga kofi a 2007 da 2013, kaɗan ne suka yi nisa, da yawa an daina jin ɗuriyarsu, kuma waɗannan su ne zaɓaɓɓun ƙasa gaba ɗaya. Ƙafa ɗaya ce, rauni ɗaya ya isa ya gama da ita. Ke da kike zuwa makaranta, ki zaunar da shi da daddare ku yi aikin gida tare, in ya so gobe ki wanke masa jesinsa.

Ke kuma da saurayinki yake koyar da yara a fili, ƙawaye suna yi miki dariya wai kin rasa wanda za ki so sai mai busa usur, kada ki yi saurin raina shi. Ki dai bincika ko yana da sana'ar da zai riƙe gida, wannan haƙƙinki ne. Amma namijin da ya iya haƙuri da 'ya'yan mutane arba'in a cikin rana da ƙura, akwai alamar zai iya haƙuri da naki.

Allah ya saka wa Koci Manu Garba da alheri, ya ba shi lafiya, ya saka wa takwarorinsa na makarantu da unguwanni waɗanda ba a san sunansu ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da Katsina da Maraɗi baki ɗaya, ya shirya mana ƙannenmu. Masu son tofa albarkacin bakinsu, musamman 'yan uwana na bakin iyaka, ƙofa a buɗe take, ku rubuto ta hannun Edita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.